Wane Sikel Ya Dace da Solo a Kan Buluz?

Duk mai koyon jita da ya kai ga yin solo da ka, tambayarsa ta farko ita ce wane sikel, wato jerin amon da ake kaɗawa, zai riƙe. Kafin zaɓe, a san filin tukuna. Buluz, kiɗan da ya taso a hannun baƙaƙen fata na kudancin Amurka, yawanci gaɓa 12 ne (gaɓa ita ce ma'aunin lokaci a kiɗa) ke juyawa a kan kod uku, wato tarin amon da ake kaɗawa tare. Idan a kan A ake kiɗan, A7 ke cin gaɓa huɗun farko, D7 biyu, A7 biyu, sai E7 ɗaya, D7 ɗaya, a dawo gida kan A7.

Mafi sauƙin samu shi ne ƙaramin fentatonik, wato sikel mai amo biyar: A, C, D, E, G. Ka kafa manuniya a mataki na 5 na wuyan jita, duk suna ƙarƙashin yatsunka, kuma za su kai ka ƙarshen gaɓa 12 lafiya. Wanda ya saba jin Bombino na Agadas ko Ali Farka Toure na Mali, wannan amo biyar ba baƙo ba ne a kunnensa. Makaɗin buluz Albert King da shi ya yi suna. Aibinsa shi ne ba ya nuna cewa kod ya canza. Kuma C ɗin nan, idan ka tsaya a kansa ana A7, yana da gautsi. Tura tsirkiyar kaɗan ta nufi C# (amon da ke mataki ɗaya sama da C), nan ne kukan buluz yake fitowa.

Ƙara E♭ (amon da ke mataki ɗaya ƙasa da E) a ciki, ka sami sikel ɗin buluz. Yaji ne, a barbaɗa a wuce.

Babban fentatonik kuwa, A, B, C#, E, F#, shi ke da zaƙin nan da ake ji a hannun B.B. King. Ni shi na fi so, amma yana da tarko a gaɓa ta 5. Na taɓa zama da wani ɗalibina yana ta sheƙa shi da daɗi, idonsa a rufe. Ana shiga D7 ya sauka a kan C#, nan take ya yamutsa fuska ya ɗauke hannu. Dalili, cikin D7 akwai C, C da C# kuwa ba sa ga maciji. Na ce masa ya ja yatsa baya mataki ɗaya kawai idan wurin ya zo. Da ya yi, har ba tare da mai raka shi ba kana jin kod ɗin ya juya.

Akwai kuma Miksolidiyan, amo bakwai, wanda ake canzawa tare da kowane kod: na A, na D, na E. Masu karkata wajen jaz sun fi son sa. Yana cin watanni kafin ya zauna a hannu, kuma sabon shiga kan mayar da shi hawa da sauka kamar mai bita.

Shawarata, sabon shiga ya fara da ƙaramin fentatonik har ya ƙware wajen tura tsirkiya, sannan ya aro C# da F# daga babban: C# a kan A7, F# a kan D7. Amma ka saurari kod ɗin kafin ka taɓa tsirkiya. Idan ƙananan kod ne, wato masu sautin juyayi, kamar a "The Thrill Is Gone" da B.B. King ya fitar a 1969, ajiye babban fentatonik gefe, ƙaramin ne zai yi maka aiki.