TDA7297 ko ta 5200? Ga wadda za ka fara da ita

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tunda ka ce ko liƙa waya da dalma ba ka taɓa yi ba, kuma ka rasa ta ɗauka tsakanin ƙaramar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta IC, wato 'yar ƙwayar lantarki guda mai ƙafafu da yawa, da babbar nan ta transisto 2SC5200, wato 5200, da kake gani wajen masu gyara, to ka ɗauki ta IC. TDA7297 nake nufi.

Irinta ce a shagona nan Agege. A cikin robar abinci na saka ta, na huda murfin na fito da maɓallin ƙara sauti, na haɗa ta da tsofaffin sifikun mota guda biyu da wani maƙwabci ya jefar. Batirin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta, mai bolt 12 ke ɗauke da ita. Idan Nepa ta ɗauke wuta, manyan na'urorin layinmu duk sai su yi tsit, tawa kuwa ko a jikinta. Da azumi mai shayin bakin titi har benci yake jawowa ƙofata don ya ji tafsiri, kuma har yau bai yarda cewa muryar daga robar nan take fitowa ba.

Abin da ya sa ta dace da sabon hannu, kusan duk aikin yana cikin IC ɗin. Ƙafafunta 15, amma abin da za ka ƙara mata bai wuce 'yan ƙananan kaya irin su kafasito (mai tara wuta) da resisto (mai rage gudun wuta) ba. Tana aiki daga bolt 6.5 zuwa 18, don haka adaftar bolt 12 mai amfiya 2 ko 3 ta ishe ka, babu ruwanka da taɓa wutar gida mai bolt 230. Idan ta yi zafi da yawa da kanta take katsewa. A takarda an rubuta wat 15 ga kowace sifika, amma wannan sai an ba ta kusan bolt 16. A kan 12 ka sa rai da kamar rabin haka, kuma wallahi ya cika ɗaki.

Abu biyu ka kiyaye. Ka ɗaure bayanta da ƙarfen alminiyam mai shanye zafi kafin ka kunna. Sannan kada ka haɗa baƙar wayar sifikar dama da ta hagu wuri ɗaya, kada kuma ka kai su ga baƙar wayar batir. A wannan IC kowace sifika da wayoyinta biyu, dukansu masu ɗauke da sauti ne.

Ta 5200 kuwa, to, tana da ƙarfi, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Amma tana son taransifoma mai 24-0-24, wato bolt 24 a gefe biyu da waya ɗaya a tsakiya, wadda bayan an tace wutarta take ba da sama da bolt 30 kowane gefe, ga manyan kafasito da ke riƙe wuta ko an zare soket. Transisto ɗaya ya mutu, wutar ta zarce cikin sifika ta ƙone ta. Tawa ta 5200 ɗin tana ƙarƙashin gado. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kaya. 2SC5200 da abokinsa 2SA1943 na Toshiba suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Na taɓa sa filaya na fasa wani da ya ƙone, abin da ke ciki bai kai ƙwayar gero ba. IC ma ba ta tsira ba: akwai masu kankare tsohon rubutu su buga sabo. Ka murza rubutun da yatsa mai damshi ka ga ko zai goge, ka duba ko akwai tsohuwar dalma a ƙafafun. Duk allon amfilifayar da ka ga an rubuta masa wat 1000 alhali bai fi tafin hannu ba, ka ajiye masa abinsa. Araha ba ta ado.

Idan za ka shiga Alaba, ka tafi da wanda ya san kasuwar, kuma kada ka bi yaran da ke tare mutum a bakin hanya suna cewa su kai shi shago, ladansu a kan kuɗinka yake hawa. Ka sayi ayan na liƙa dalma mai wat 30 ko 40, da dalmar 60/40 mai ƙaro a ciki, da mitar awon wuta ko da ƙarama ce. IC ɗin ka ɗauki biyu. Kafin ka taɓa ta, ka samo mataccen rediyo ka yi ta cire kayansa kana mayarwa, har liƙinka ya riƙa fitowa sumul yana ƙyalli. Idan ka haɗa, turo hoton bayan allon mu duba maka kafin ka sa mata wuta.