Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana: abin da na gani bayan rani biyu a fadamar Argungu

Tun bayan ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa a Argungu da Bunza da sauran garuruwan bakin kogi a Jihar Kebbi, na daina ɗora rayuwar iyalina kan damina. Ruwa kan yi jinkirin sauka, shuka ta tsiro ya ɗauke, sannan a ƙarshen Agusta ya zubo a lokaci guda har Gulbin Rima ya tumbatsa ya kwashe wahalar wata uku. Noman rani ne ya zama madogara, shi kuma sai da fetur. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wannan ne ya sa na sayar da bijimina na sayi injin sola a wani shago a Birnin Kebbi.

Gaskiya injin ya cika alkawarinsa ta fuskar kuɗi. Daga hantsi zuwa la'asar tiyo ba ya yankewa, kuma babu ƙara, babu hayaƙi, babu tura yaro gari da jarka a bayan babur. A da kusan duk buhun shanshera da na auna, sai na tuna mai gidan mai yana da rabo a ciki. Yanzu wannan rabon yana komawa ga taki da kuɗin 'yan dashe.

Sai dai akwai abin da mai shagon bai gaya mini ba, kuma ya kamata ya faɗa. A watan Janairu, lokacin da hazon hunturu ya rufe sama, ƙarfin ruwan ya ragu sosai, har na tsaya ina kallon fangalin ƙarshe ƙasarsa tana darewa alhali injin yana aiki. Ƙura kuma takan kwanta a kan farantan da ke karɓar hasken rana, dole kullum da safe a goge su da tsumma mai laima. Lokacin da akwatin sarrafa wutar ya ƙone, kwana tara na yi ina jiran kayan gyara, domin babu wanda ya iya aikin a kusa da mu, kuma tsohon injina na fetur ne ya ceci dashen. Saboda haka ina shawartar duk mai niyyar saye da kada ya rabu da tsohon nasa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsadarsa a farko, wadda ta fi ƙarfin mai eka ɗaya, alhali shi ne ambaliya ta fi karyawa. Maƙwabcina a gona, wanda ya yi asarar daminar bara gaba ɗaya, yanzu da tiyona yake shayar da fangalinsa bayan azahar, mun yi da shi zai ba ni buhu biyu idan an yi girbi.