Sholay mai fassarar Hausa: da mai fassarar ya yi shiru na minti biyu

Kwafin fim ɗin Indiya Sholay mai fassara da aka tura mini a memori kashi biyu ne, duka bai cika megabait 600 ba. Fim ɗin da ya haura awa uku! Tun daga nan ya kamata jikina ya ba ni, amma farkonsa ya yaudare ni. Surutun Basanti mai keken doki ya zauna daram a Hausa, sai ka ce dillaliya ce ta shigo gidan biki. Wanda ya ɗauki muryar Gabbar, shugaban 'yan fashi, ma ba baya ba, ya gane cewa Amjad Khan da ya fito a Gabbar ɗin ba da ihu yake ba da tsoro ba, jan magana yake a hankali yana dariya, kafin ya harbe yaransa uku. Har na fara cewa kuɗina sun halatta.

Sai aka zo wajen tsakiya, inda Thakur, tsohon ɗan sandan da ya taɓa kama Gabbar, yake ba da labarin yadda aka ƙarar da iyalinsa. Duk wanda fim ɗin nan ya zauna masa a rai tun 1975, wurin nan ne sila. Gabbar ya tsere daga kurkuku, ya zo ya harbe mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Daga nan darakta Ramesh Sippy ya ɗauke kowace magana. Ba ka jin komai sai iska da ƙarar lilo yana kai da komo babu kowa a kai. Jikan Thakur ya fito ya tsaya. Gabbar ya matso a kan doki, ya ɗaga bindiga, ba a nuna harbin ba, sai hucin jirgin ƙasa ya maye gurbinsa. Kai da kanka kake ƙarasa kisan a zuciyarka, shi ya sa ba ya fita.

To a kwafin nan babu lilo, babu iska. Mai fassara ya ga ba wanda ke magana, sai ya ɗauka gurbi ne da za a cike, ya shiga faɗa mana abin da idonmu ke gani, har da ɗan barkwanci a kan dokin. Barkwanci, a kan yaron da za a kashe! Kuma matsalar ta wuce surutu. Kiɗa da ƙararraki da maganar Indiyanci duk a haɗe suke a sauti guda, don haka duk lokacin da ya buɗe baki sai an danne na asalin gaba ɗaya. Hucin jirgin ma sai wutsiyarsa na ji. Gyaran ba wuya: a bar sautin asali yadda yake duk inda ɗan wasa bai motsa leɓe ba.

Don Allah fa, ban ce aikin banza ba ne. Wanda bai taɓa jin abin da Jai da Veeru, abokai biyun da Thakur ya ɗauko su kamo Gabbar, ke faɗa wa juna ba zai ƙaru, musamman zancen kwabon da Jai (Amitabh) ke jefawa, wanda sai bayan mutuwarsa Veeru (Dharmendra) ya gano fuskokinsa biyu iri ɗaya ne. Nan an fassara da natsuwa. Ƙarshen da 'yan sanda suka zo suka hana Thakur kashe Gabbar kuwa ba laifin mai fassara ba ne, hukumar tace fina-finan Indiya ce ta tilasta aka sauya tun asali.

Amma haushin ya dawo sabo a wurin Radha. Bazawarar ɗan Thakur ce, da fararen kaya, tana bi tana kashe fitilu da dare, Jai na zaune daga ƙasa yana busa. Soyayyarsu kaf a wannan shirun take. An matse hoton har duhun ya zama ƙananan akwatuna masu rawa, fuskar Jaya da ta fito a Radha ba ta fita, sannan aka sake ɗora bayani a kan busar. Gefe da gefen hoton ma an yanke don ya cika waya, alhali fim ne mai faɗi, duwatsun Ramanagara, inda aka ɗauki fim ɗin, rabinsu sun tafi.

Mai son saye ya sa a buɗe masa wurin lilon a kwamfutar mai turin kafin ya biya. In ya ji murya a kai, ya karɓi memorinsa ya nemi na Indiyancin, wanda girmansa bai gaza jigabait biyu ba.