Na zage shi ranar Litinin, ya fitar da ni kunya ranar Alhamis: sharhina kan find_one_and_replace

Wata takwas ke nan ina amfani da MongoDB, wani rumbun adana bayanai, a 'yar manhajar da na haɗa wa kawuna, mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Da yaren Python na rubuta ta, PyMongo ke kai saƙo rumbun bayanai, rumbun kuma na kan tsarin kyauta na Atlas, ma'ajiyar MongoDB ta intanet, mai megabait 512 ɗin nan. Aikinta bai wuce riƙe sunayen masu ɗaukar kaya bashi ba: wane ne, daga ina, turmi nawa ya ɗauka, nawa ya biya, nawa ya saura. Kowane mutum rikod ɗaya, bashinsa kuma jere a cikin rikod ɗin.

Ba kan MongoDB gaba ɗaya zan yi magana ba, kan umarni guda ne, find_one_and_replace, wanda ke nemo rikod ɗaya ya musanya shi da wani a bugu guda.

Ranar Litinin yaron shago ya ce a ƙara musu wurin gyara lambar waya, don mutanen Maraɗi da Damagaram ba sa zama da layi ɗaya. Na yi fam mai gurbi uku: suna, gari, waya. Na tuna wani bidiyo da na taɓa kallo, inda mai koyarwar ya yi ta yabon wannan umarni, sai na ɗauko shi. Na gwada, na canza lamba, allon ya nuno min tsohuwar. Na sake, ya nuno wadda na sa a karon farko. Raina ya ɓaci. Na ƙara layi ɗaya da zai rubuta duk abin da umarnin ya dawo da shi a fayil, don in ga inda gizo ke saƙa. Can na gano ashe haka aka gina shi: in ba ka ce komai ba, rikod ɗin kafin canji yake miƙo maka. Sai ka sa return_document=ReturnDocument.AFTER kafin ya ba ka sabon. Na ce wannan wane irin tunani ne, in aike ka ka canza abu, ka dawo min da tsohon? Lalaci ya hana ni gyarawa yadda ya kamata. Na liƙa find_one a ƙasa ya ɗauko sabon don allo, na bar layin rubuta fayil ɗin a wurin, na manta da shi.

Alhamis bayan la'asar, saura kwana kaɗan sallah, kasuwa ba masaka tsinke, Kawu ya kira. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kai, Hajiya ce zaune gabana ta zo biya, na'urarka ta ce ba a bin ta ko sisi. Turmi arba'in fa ta ɗauka."

"Kawu, a ɗan ba ni minti goma."

"Minti goma? Motar Maraɗi take son kamawa. Ni dai na faɗa maka a bar min littafina."

Na buɗe rikod ɗinta. Suna, gari, waya. Shi ke nan. Jerin bashin wata shida babu shi, ko gurbinsa babu. A nan na fahimci abin da mai bidiyon bai tsaya ya nanata ba, ni ma ban karanta ba, alhali yana rubuce ɓaro-ɓaro a bayanin umarnin: musanya yake yi, ba gyara ba. Abin da ka ba shi kaɗai zai zauna, duk gurbin da ba ka sa ba ya tafi. _id, lambar shaidar rikod ɗin, ne kawai ke tsira, don shi ba ya canzuwa. Ni kuwa gurbi uku na ba shi. Lokacin gwaji ban lura ba saboda mutanen ƙarya da na ƙirƙira babu mai bashi a cikinsu. Kuma tsarin kyauta ba ya ajiye maka kwafi da kansa, na sani tun farko, ni ne na ƙi fitar da kuɗi.

Gumi ya jiƙa min riga ina zaune ƙarƙashin fanka. Ina lissafin yadda zan kalli Kawu, sai fayil ɗin ranar Litinin ya faɗo min a rai. Na buɗe da hannu yana rawa. Wallahi ga Hajiya nan cikakkiya, kowane turmi da kwanan watansa, kowane biya da adadinsa, daidai yadda take daƙiƙa ɗaya kafin in shafe ta. Ga wasu mutum biyu ma da aka canza wa lamba cikin kwana ukun, waɗanda ba wanda ya ankara da su tukuna. Halin da na zaga shi ne ya ajiye min su. Da na gyara a ranar na sa AFTER, da fayil ɗin rikod marar bashi zai riƙe. Da replace_one, ɗaya umarnin musanyar, na yi amfani da shi, da ƙidaya kawai zan samu, an tarar da ɗaya, an canza ɗaya. Na mayar da su ukun da umarnin da ya shafe su, Hajiya ta biya rabi ta kama motarta.

A daren da za a ce in ba shi tauraro, biyar zan bayar ba tare da tunani ba. Kuma akwai abin yabo na gaske: nema da musanya aiki ɗaya ne, babu wanda zai kutso tsakani. Daga baya na ƙara lambar juyi a kowane rikod, wadda ke ƙaruwa duk sanda aka canza shi, ina sa ta cikin sharaɗin nema, don idan yara biyu suka buɗe mutum ɗaya a wayoyinsu, na biyun ya tarar lamba ta wuce, a ce masa ya sake buɗewa.

Amma da na huce na zauna bin kod ɗin layi-layi, sai yabon ya fara raguwa. Idan bai sami kowa ba None, wato babu komai, yake dawowa da shi shiru, babu kuka. Na ɓata awa guda a kan haka, ashe _id ɗin da fam ke turowa rubutu ne zalla, ban mayar da shi ObjectId, irin sigar da rumbun ke ajiye _id da ita, ba. Idan mutum biyu suka dace da sharaɗinka, ɗaya zai ɗauka, kuma in ba ka sa sort, mai jera su, ba kada ka rantse kan wanne. A Kwari kuwa Alhaji Sani nawa ne? Ga upsert, zaɓin da ke ƙirƙirar rikod in bai sami kowa ba, ka kunna shi da sharaɗi marar kyau ya haifa maka sabon rikod a gefe. Sunayen zaɓin ma sai ka riƙe su daban-daban: a Python ReturnDocument.AFTER, a Node na masu JavaScript returnDocument da 'after', a mongosh, wurin buga wa MongoDB umarni kai tsaye, har returnNewDocument akwai. Wani abokina mai Node ya ce su kuma daga juyi na 6 na direbansu, wato takwaran PyMongo, rikod ɗin ake ba su kai tsaye, ba cikin value kamar da ba, sai da ya bi tsohon kod ɗinsa ya gyara.

Duk waɗannan a rubuce suke, ni ne ban duba ba, amma wuƙa mai kaifi haka ba ta fam ɗin lambar waya ba ce. Na mayar da fam ɗin kan find_one_and_update da $set, wanda ke taɓa gurbin da ka ambata kaɗai. find_one_and_replace yanzu wuri ɗaya ya rage masa, inda Kawu ke rufe lissafin mutum gaba ɗaya a buɗe sabo, tsohon rikod ɗin da ya dawo kuma kai tsaye yake wucewa ma'ajiya ta daban. A wannan aikin tauraro huɗu.

Kawu dai ya dawo da littafinsa. Yaron shago yanzu sau biyu yake rubuta kowane bashi, kuma ni yake harara.