Iskandariyya ko Tunis: wanne ya fi ga mai hutun mako guda?

Wani ɗan'uwa daga Kano ya tambaya: yana da hutun mako guda, yana son kai iyalinsa bakin Bahar Rum su ga tarihi, Iskandariyya ta Masar zai nufa ko Tunis, babban birnin Tunisiya? Malam, in sauƙin tafiya kake nema, Iskandariyya. In kuwa tarihin ne ya fitar da kai daga gida, mu Tunis muka zaɓa maka.

Ta fuskar hanya, EgyptAir na tashi daga Kano zuwa Alƙahira kai tsaye. Daga can zuwa Iskandariyya kusan kilomita 220 ne, kamar awa uku a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Ka sauka a Mahattat Misr, ita ce a tsakiyar gari. Sidi Gabir da ake fara tsayawa tana gabas. Tunis kuwa sai an ya da zango a Alƙahira, Kasabalanka ko Istanbul, yini guda ya tafi. Duka biyun mai fasfon Najeriya sai da biza.

Abin da ke ba baƙi mamaki a Iskandariyya shi ne, birnin da Iskandar ya kafa a shekara ta 331 kafin Miladiyya yawancinsa na ƙarƙashin ƙasa ko cikin teku. Shahararriyar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa girgizar ƙasa ta rushe ta, a gurbinta Sarki Ƙaitbay ya fara gina sansaninsa a 1477. Babban laburaren ma sabo ne, a 2002 aka buɗe shi. Na da ɗin da ya rage har da makabartar Kom al-Shuƙafa, wadda ake gangara wa ta matakala mai murɗewa, dattijo mai ciwon gwiwa ya yi hattara, da ginshiƙin Fombe na jan dutsen Aswan mai tsawon kusan mita 27. Kwana biyu sun ishe ka. Sai dai a unguwar Anfushi akwai abin da ya shafe mu: kabarin Imam Busiri, mai ƙasidar Burda da ake rerawa a zaurukanmu, daura da masallacin Abul Abbas al-Mursi. A nan ake cin kifi kuma. Ka zaɓa, a auna, ku daidaita kuɗin kilo kafin ya hau wuta. Ka riƙe katin banki mai aiki a waje, don wuraren tarihi da yawa a Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi.

Tunis ba a bakin teku take sosai ba, akwai tafki tsakaninsu. Jirgin ƙasa na TGM daga tashar Tunis Marine shi ke ratsa tafkin zuwa Kartaj (Carthage), inda kufan tsohon birnin yake, da ƙauyen Sidi Bu Sa'id. A nan ake kuskure: tashoshi shida ke ɗauke da sunan Kartaj, kufan kuma a warwatse suke cikin unguwar masu hali. Sauka a Carthage Hannibal, ka fi kusa da tudun Birsa da gidan wankan Antoninus. Tikiti ɗaya ke shigar da kai duka, kada ka yar. A gidan wankan kada ka juya kyamara wajen fadar shugaban ƙasa, katanga ce kawai tsakani. Rumawa sun ƙone Kartaj a 146 kafin Miladiyya, don haka yawancin abin da za ka gani ginin Rumawa ne.

Tsohon garin Tunis, inda aka haifi Ibn Khaldun a 1332, shi kam a raye yake: lunguna masu rufi, masu turare da masu jar dara kewaye da masallacin Zaituna. Gidan tarihin Bardo, mai hotunan da aka jera da ƙananan duwatsu, yana rufe ranar Litinin. Ka ware yini guda don Ƙairawan, garin mai Risala, kusan kilomita 160. Motar haya da ake kira luwaj, daga tashar Munsif Bay, sai ta cika mutum 8 take tashi. Dinarin Tunisiya ba a fita da shi daga ƙasar, ka canja kaɗan-kaɗan, ka adana rasit don mayar da ragowar.

Yuli da Agusta mutanen Alƙahira kan cika Iskandariyya, kuɗin otal ya hau. Disamba da Janairu kuma ruwa da iska. Ko ina ka zaɓa, ka nemi hutun a Afrilu, Mayu ko Oktoba.