Dubu hamsin na Facebook ko dubu biyu na masu bincike: wa za a yarda da shi?

Ɗan'uwa, ka ce wani shafi a Facebook ya yi ƙuri'ar jin ra'ayi, mutum wajen dubu hamsin suka danna, wata cibiyar bincike kuma ta tambayi mutum 2,400 kacal, sakamakon ya sha bamban, kana tambayar wanne ne abin kamawa. Ni na masu binciken zan kama, muddin canki-canka suka yi wajen zaɓen waɗanda suka tambaya.

Ka taɓa tsayawa a Dawanau ka ga yadda mai sayen hatsi yake duba buhu? Ba ya zazzage shi. Ƙarfen nan mai tsini da rami yake sokawa, sau ɗaya a sama, sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya a gindi, ya zuba a tafin hannu ya duba. Abin da ya fito bai cika ko rabin gwangwani ba, amma ya ishe shi sanin ko akwai tsakuwa ko ƙwari. Wanda kuwa ya kwance bakin buhu ya ɗebi tiya guda daga sama, ya fi shi yawan hatsi nesa ba kusa ba, sai dai abin da mai kaya ya so ya gani ya gani.

Ƙuri'ar Facebook tiyar nan ce ta bakin buhu. Masu dannawa su suka kawo kansu: masu babbar waya da data, mabiya shafin, da waɗanda abin ya fi ci wa rai. Tsohuwar da ke ƙauye ba ta ciki, manomin da wayarsa sai kira ba ya ciki, wani kuma ya danna da asusu uku. Ko sun kai miliyan, ra'ayin mabiya shafin kawai ka ji. A binciken canki-canka kuwa ba wanda ke kawo kansa. Ana zaɓen unguwa, a zaɓi gida a cikinta, a zaɓi mutum a cikin gidan, duk ta hanyar da kowa ke da damar faɗowa.

An gwada wannan a Amurka a zaɓen shugaban ƙasa na 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardu kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Sunayen daga kundin lambobin tarho da rajistar masu motoci da masu sayen mujallar ta ɗebo su, a lokacin da talauci ya yi wa jama'a katutu, ga shi kuma mafi yawan waɗanda aka aika wa ba su amsa ba. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayi, wanda mutanen da ya tambaya ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, ya ce Roosevelt ne. Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48. A 1938 mujallar ta rufe.

Wani fifikon na canki-canka shi ne ana iya lissafa girman kuskurensa. Mutum 2,400 na ba da tazarar kamar maki 2 sama ko ƙasa, 1,200 kuma kamar maki 3. Shi ya sa cibiyar Afrobarometer ke yawan amfani da waɗannan adadin a ƙasashen Afirka. Abin mamaki, yawan mutanen ƙasar kusan bai shiga lissafin ba: adadin da ya ishi Nijar ya ishi Najeriya. Ƙuri'ar Facebook ba ta da irin wannan lissafi sam.

Amma kada ka ɗauke shi kamar yankan wuƙa. In aka ce wane na da kashi 46, wane 44, to ba a san na gaba ba, tazarar ta haɗiye bambancin. Sannan tsarin yana buƙatar jerin gidaje da unguwanni na kwanan nan, mu kuwa ƙidayarmu ta ƙarshe a Najeriya tun ta 2006 ce. Ko babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 a kanta ya dogara, kuma sai da aka tsallake wasu ƙananan hukumomin Borno saboda rashin tsaro. Ga mutanenmu da kara, wani zai faɗa wa baƙo abin da yake zaton baƙon na son ji.

Inda na fi ganin ana yaudarar mutane shi ne a yanko adadin jiha ɗaya daga binciken ƙasa baki ɗaya a yi ta yaɗawa. In mutum 100 ne kawai aka tambaya a jiharku cikin 2,400 ɗin, tazarar ta koma kamar maki 10. Ka duba rahoton da ka gani ɗin ka gaya mana mutum nawa suka tambaya a jiharku, da hanyar da suka bi suka zaɓe su.