Ajin yoga na mata zalla: barcina ya dawo, amma sun sa ni a Instagram ba ɗankwali

Wata biyu ke nan da na shiga ajin yoga da miƙe jiki a wani gidan motsa jiki na mata zalla a nan Kano. Ba zan kama suna ba, masu zuwa za su gane wurin, kuɗinsu ma kun san ba na wasa ba ne. Ba tumbi ne ya kai ni ba, ko da yake akwai shi. Barci ne ya ƙaurace min. Aikina lissafin albashi ne, in ƙarshen wata ya zo sai in kwanta sha ɗaya, idona biyu har a kira assalatu, lambobi na ta yawo a kaina. Likita ya auna jinina ya ga 150/95, ya ce in rage gishiri da magi, in kuma riƙa motsa jiki, wai minti 150 a mako Hukumar Lafiya ta Duniya take so babba ya samu.

Da farko na yi ɗari-ɗari, don yoga daga Indiya ta fito, kuma tushenta na haɗe da addininsu. Maigidana cewa ya yi shi dai kada a je a sa matarsa yi wa rana ruku'u. Yana da hujja, ko a Malesiya majalisar fatawa ta hana Musulmi irin wadda ake haɗawa da karance-karancen bauta tun 2008. Na tambayi kocin kai tsaye, ta ce su miƙa ce da numfashi kawai, ba wani karatu. Kuma a nan ba ta saɓa ba.

Numfashin ne ya ba ni mamaki. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake a hankali kina ƙirga shida. Ta ce in fitarwar ta fi shaƙar tsawo, bugun zuciya yana lafawa, ta sa muka ɗora yatsa a wuyan hannu, wallahi na ji shi yana saukowa. A ƙarshen aji kuma akwai kwanciyar rigingine ta minti goma, wadda ma'anar sunanta a yarensu kwanciyar gawa ce. Wata Hajiya ta ce a'uzubillahi, a canza mata suna. Zuwana na uku a wannan kwanciyar barci ya sace ni, har da minshari, sai farkawa na yi na ga kowa na naɗe tabarmarsa ana dariya ƙasa-ƙasa. Daren nan ban motsa ba sai asuba. Tsamin jikin makon farko duk na yafe. A lokacin da an ce in ba su tauraro, biyar zan bayar in ƙara da addu'a.

To, mako na shida wata yarinya daga cikin ma'aikatansu ta shigo da waya tana ɗauka. Na zaci kocin take ɗauka. Kwana biyu bayan haka ƙanwar maigidana ta kira ni: "Anti, wai ke ce na gani a Instagram?" Gabana ya faɗi. Ta turo min. Ga ni nan a sahun gaba, ba hijabi, ba ɗankwali, kitsona na sati uku duk ya tashi, hannu da ƙafa a ƙasa, ƙugu a sama, an ɗora kiɗa a kai. Kafin magariba ya shiga zauren WhatsApp na dangin miji. Ba wadda ta ce uffan, kuma wannan shirun ya fi min zagi ciwo. Maigida kuwa kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Washegari na hau adaidaita na nufi wurin jikina na rawa, kuma abin dariya, numfashin kocin nan na yi ta yi a hanya don kada in je in yi abin kunya. Manajar ko a jikinta. "Haba Hajiya, talla ce fa, ai fuskarki ma ba ta fito sosai ba." Ba ta fito ba ƙanwar mijina ta gane ni? Na ce mata kun rubuta a ƙofa maza ba sa shiga, kun sa mai gadi, sannan ku ɗauke mu ku kai wa mazan duniya har cikin aljihunsu. Saboda wannan rubutun na cire hijabina. Sai da na ambaci dokar kare bayanan mutane ta 2023 sannan ta gyara zama, amma duk da haka bidiyon ya ƙara kwana biyu kafin su sauke. Haƙuri ɗaya ba su ba ni ba. Kocin ce kaɗai ta ja ni gefe ta ce ba da saninta aka sa ba, na kuma yarda da ita.

Tun daga nan abubuwan da nake kau da kai a kansu suka fara tsaya min a rai. Tabarmin roba ba a goge su, ki kifa fuska ki shaƙi gumin wata. In aka ɗauke wuta sai a yi minti goma ana fama da janareto, mu kuma ana ce mana mu natsu mu yi numfashi cikin wannan zafin. Wurin salla wani lungu ne kusa da takalma. Na nemi su mayar min da kuɗin watan da ya rage, suka ce ba sa mayarwa.

Tauraro biyu, kuma duka biyun na kocin ne. Ina zuwa har yanzu don kuɗina ba zai tafi a banza ba, amma a sahun baya, da dogon hijabi, gumi na tsiyaya. Numfashin a gida nake yinsa bayan isha'i, yana kuma yi min aiki. Kwanciyar ƙarshen nan kuwa ban sake barci a cikinta ba, ido ɗaya na bari a buɗe ina duba wa ke riƙe da waya.